Baƙin da ke zaune a jikinka: Nasiha ga ƙannena matasa



Akwai tambayar da kusan kowane gida a ƙasar Hausa ya taɓa yi. Yara biyar suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna shan ruwan randa ɗaya, sai ciwo ya zaɓi ɗaya ya kwantar, sauran huɗun ko atishawa ba su yi ba. Me ya sa shi? Idan aka rasa amsa, zuciya kan ƙago tata. A ce jifa ne, ko kambun baka, ko a fara yi wa wata tsohuwa a unguwa wani irin kallo. Zumunci da yawa ya yanke a kan wannan zato. Ku da Allah Ya ba damar karatu, ina so ku riƙe amsar da masana suka daɗe suna tonowa, domin ba ta da wuyar ganewa, kuma wanda ya riƙe ta zai tsare kansa ya tsare na kusa da shi.

Amsar a dunƙule ita ce, shigar ƙwayar cuta jiki daban, kwanciya ciwo daban. Kafin mutum ya kwanta sai abu uku sun haɗu: irin ƙwayar da yawanta, hanyar da ta samu ta shigo, da halin da ta tarar da jikin a ciki. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya sauya, labarin ya sauya.

Har zuwa shekarun 1670 babu wanda ya taɓa ganin bakteriya da idonsa. Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, shi ya riƙa goge 'yan gilasai da hannunsa har suka iya girmama abu fiye da sau 200. Ya leƙa ɗigon ruwa ya ga masu rai suna iyo. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya tarar da su cunkus. Sai bayan kusan shekara 200 Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus suka tabbatar cewa cututtuka masu yaɗuwa kowace da ƙwayarta. Koch ne ya nuna wa duniya ƙwayar tarin fuka a 1882.

Waɗannan halittu ba iri ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, mai ci da kanta, ta rabu biyu ta hayayyafa. Sai ka jera wajen dubu kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Danginta ne ke kawo kwalara, taifot, tarin fuka, mashaƙo da sanƙarau mai annoba. Akwai bairus, wanda ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin wani ya tilasta mata ta riƙa ƙera irinsa. Mura, ƙyanda, shan inna, ƙanjamau, korona da zazzaɓin Lassa duk aikinsa ne. Akwai fangas, dangin fumfuna, mai kawo makero da ƙyasbi. Sannan ga ƙwayar maleriya, ga tsutsotsi irin na tsargiya da kurkunu. Ku riƙe wannan rabe-raben da kyau, domin maganin da ke kashe wani iri ko gezau wani irin ba ya yi da shi.

Hanya mafi sauƙi ta gane zamanmu da su ita ce ka ɗauki jikinka gida, su kuma baƙi. Wani baƙon yana ci a gidanka yana kuma taya ka aiki. Wani yana zaune a zaure, bai ƙare ka da komai ba, bai rage ka da komai ba. Wani kuwa cin ka ya zo yi. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, na ukun nan su ne 'yan tsiraru ƙwarai. Mafi yawan ƙananan halittun duniya ba ruwansu da mu, wasu kuma da babu su da rayuwa ta gagare mu.

Kun sha cin moriyarsu. Idan Bafulatana ta zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara ta rufe, bakteriya ta shuka, kuma ita ce ke mai da madarar kindirmo kafin gari ya waye. Dafaffiyar kalwa da aka rufe kwana biyu zuwa uku, bakteriya ce ke mai da ita daddawa. Saniya ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Ƙananan halittun da ke tumbinta ne ke yi mata, har ta ba mu nono da nama. In ka tuge wake ko gyaɗa za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa. Bakteriya ce a ciki, tana jawo sinadarin taki daga iska, shi ya sa manomi ya san gonar da ta ga wake tana ƙara ƙarfi. A jikinka kuwa, ƙiyasin da masana suka fitar a 2016 ya nuna baligi na ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin halittar jikinsa tiriliyan 30 ne. Mafi yawansu a babban hanji suke. Suna ƙarasa narkar da abin da cikinka ya kasa, suna samar da wasu sinadaran gina jiki, suna kuma cike wuri har mugun baƙo ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma. Jariri daga jikin mahaifiyarsa yake samun na farko, kuma a cikin nonon uwa akwai wani nau'in sukari da shi jaririn ba ya iya narkarwa: abincin waɗannan baƙin kirki ne aka tanadar musu.

Sai dai baƙo na iya sauya hali idan ya sauya ɗaki. Akwai bakteriyar da ke zaune lafiya lau a hanjin kowa, amma in ta samu hanyar shiga mafitsara sai ta kawo zafin fitsari da ciwon mara, har ta iya hawa ƙoda. Shi ya sa ake ce wa 'yan mata su riƙa tsarki daga gaba zuwa baya. Akwai wadda ke kwance a fatar mutum da cikin hancinsa ba ta damu kowa ba, amma reza ko allura mara tsabta ta buɗe mata ƙofa, sai maruru ko gyambo, wani lokaci ma ta shiga jini.

Babu inda wannan sauyin hali ya fi fitowa fili kamar a sanƙarau, kuma mun fi kowa saninsa, domin muna tsakiyar yankin da ya fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha ya ratsa ƙasashe 26. Bakteriyar da ke kawo annobarsa ba ta zama a daji ko a jikin dabba. Maƙogwaron ɗan Adam ne kaɗai masaukinta. A kowane lokaci, cikin mutum 100 masu lafiya garau, biyar zuwa goma na ɗauke da ita a bayan hanci da maƙogwaro. Suna zuwa makaranta, suna cin kasuwa, suna miƙa wa juna ita ta tari da atishawa. Bayan makonni ko watanni ta tafi, sau da yawa ma ta bar musu garkuwa. Mai yiwuwa kai da ke karanta wannan ka taɓa saukar da ita ba ka sani ba.

To me ke mai da ita makashiya? Ku dubi lokacin da take ɓarna, daga shigowar hunturu zuwa ƙarshen bazara. Iska ta bushe, ƙura ta kankare lallausar fatar da ke shimfiɗe a hanci da maƙogwaro, mura ta ƙara raunana ta, sanyi ya sa an cunkushe a ɗaki an toshe taga. Ta wannan ɗan rauni ƙwayar ke samun kafar shiga jini. In ta tarar da garkuwar da ta san ta, nan take a gama da ita. In babu, sai ta hayayyafa ta isa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ya kumbura. Daga nan sai zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Jariri kuma maɗigarsa ta taso. Da saukar damina annobar ke lafawa, alhali ƙwayar ba ta bar maƙogwaron jama'a ba. Abin da ya sauya shi ne yanayi da halin jiki.

Ku tambayi iyayenku labarin 1996. A wannan shekara sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Nau'in ƙwayar da ake kira A ne ya yi wannan aika-aika. A Disambar 2010 aka fara yin wata allura mai suna MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, Nijeriya ta biyo baya a 2011. Ƙarfin allurar shi ne, ban da kare wanda aka yi wa, tana hana ƙwayar samun wurin zama a maƙogwaronsa, don haka ba shi da abin da zai miƙa wa maƙwabci. Cikin 'yan shekaru nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankin. Amma sai nau'in C ya taso, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, ya kuma yi a Zamfara, Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar a lokaci guda. Ku da ke kwana a makarantun kwana da tsangayoyi, ɗaki ɗaya mutum ashirin ko talatin, ku ne ƙwayar ta fi so. Ku bar taga a buɗe ko da ana sanyi. In abokin kwananka ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai wuyansa ya riƙe, kada a ce a jira gari ya waye, domin sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya, kuma cikin biyar da suka tsira ɗaya kan fita da tabo, kamar kurumta. A asibiti yana da magani in an kai da wuri.

Wannan ɗauka ba tare da ciwo ba, ba sanƙarau kaɗai ke da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar tarin fuka. Garkuwar jiki kan killace ta a huhu, ta kasa kashe ta, ita ma ta kasa motsi, a zauna haka shekara da shekaru. Biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai ciwon kan tashi musu, galibi idan yunwa, ƙanjamau, ciwon sukari ko shan taba suka karya garkuwar. Shan inna ma haka: cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga, kusan ɗaya ne ke shanyewa, yawancin sauran ba a ganin komai a jikinsu, amma suna fitar da ita a bayan gida. Ciwon hanta nau'in B ya fi ban mamaki. Baligin da ya kamu, kusan kullum jikinsa kan kore shi. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, tara cikin goma ƙwayar kan zauna musu har girma, tana cin hanta a ɓoye. Ƙwaya ɗaya ce, shekarun mai masaukin ne suka bambanta, kuma dalilin ke nan da ake so a yi wa jariri allurarsa cikin awa 24 da haihuwa.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, ido ba ya gane mai ɗauke da cuta. Kyan fata da ƙiba ba shaidar komai ba ne, don haka gwajin jini kafin aure ba zargi ba ne ga kowa, kuma raba aska ɗaya, reza ɗaya ko abin yankan farce ɗaya da jama'a ganganci ne. Na biyu, wanda ciwo ya bayyana a jikinsa bai fi ka laifi ba. Mai tarin fuka da ya fara shan magani yadda ya kamata, cikin 'yan makonni yakan daina yaɗa shi, kuma in ya cika wata shida yana sha yakan warke sarai. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tsangwama ce ke sa shi ya ɓoye tarinsa, ɓoyon kuma shi ke sa gida duka ya shaƙa.

Yanzu mu zo kan hanya. Kowace ƙwaya tana da ƙofar da take fita daga wani da ƙofar da take shiga wani, kuma in aka toshe tsakani, ta mutu a hanya. Kurkunu ne babban malaminmu a nan. Kakanninku sun san shi: tsutsa mai kai tsawon mita ɗaya, ta huda ƙafa ta fito a hankali ana naɗe ta a tsinke, kuma ta fi fitowa da damina lokacin da gona ke buƙatar mai ita. Mai ciwon ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa su haɗiye su, wani ya sha ruwan, bayan shekara guda tasa ta fito. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Har yau ba shi da magani, ba shi da allura. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki aka yaƙe shi, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suna bin ƙauyuka suna jan hankalin jama'a. A 2013 aka tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A Chadi ana ci gaba da fama, domin a can ya samu mafaka a jikin karnuka.

Kwalara da taifot hanyarsu ɗaya, daga bayan gidan wani zuwa bakin wani, ta ruwa, ta ƙuda, ta hannun mai abinci. A 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa ɗaya bayan ɗaya, ya gano kusan duk famfo ɗaya suke ɗiba, ya sa hukuma ta cire hannun famfon, tun kafin a san siffar ƙwayar sosai. Masai nesa da rijiya, ruwan da aka tafasa ko aka sa wa sinadarin kilorin, da sabulu bayan ban ɗaki da kafin cin abinci, su ne hannun famfon da ke hannunku. In kuma gudawa ta riga ta kama, ƙarewar ruwan jiki ke kisa: a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi ana kan hanyar asibiti. Maleriya kuwa sai da macen sauro, kamar yadda Ronald Ross ya nuna a Indiya a 1897, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Nijeriya suke. Mangwaro bai taɓa sa wa kowa maleriya ba, rana ma haka. Lokacinsu ne kan zo kusa da na sauro. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke kawo shi ta fitsari da kashinsa a kan abincin da aka bari a buɗe.

Na uku cikin abubuwan da muka lissafa tun farko shi ne halin jiki, kuma wani ɓangarensa gado ne. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya jininsu AS ne. Wannan yawa yana da dalili: mai AS ya fi tsira daga maleriya mai tsanani tun yana yaro, don haka a ƙasashen sauro irinsa ya yi ta yaɗuwa tsawon dubban shekaru. Ƙwayar maleriya ta bar sawunta a jininmu. Farashin kuwa shi ne, in AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Ku san jininku tun soyayya ba ta yi nisa ba.

Wani ɓangaren kuma a hannunmu yake. Garkuwar jiki da abinci ake gina ta, shi ya sa ƙyandar da yaro mai ƙoshi ke tashi daga ita cikin mako biyu take kashe mai tamowa. Garkuwa tana kuma da tunawa: ƙwayar da ta taɓa gamuwa da ita, in ta dawo, kafin ta zauna an kore ta. Allurar rigakafi wannan tunawar take ginawa, ta nuna wa jiki matacciyar ƙwaya, ko raunanna, ko wani ɓallinta, ya koya ba tare da ya biya da ciwo ba. Da ita aka shafe agana daga doron ƙasa, aka yi shelar hakan a 1980, cutar da ta bar zane a fuskokin tsofaffinmu ta makantar da wasu. Kuma rigakafi ba na mutum ɗaya ba ne. Mai ƙyanda ɗaya na iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da garkuwa, don haka sai an yi wa yara 95 cikin 100 kafin ta rasa hanyar kai wa ga jaririn da bai isa allura ba. Mun ga abin da ke biyo bayan sakaci da wannan. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Kafin a farga ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan, Yaman da Indunusiya. Sai da sarakuna da malamai suka shige gaba, aka yi ta bi gida-gida, kafin a Agustan 2020 a tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, yawancin yaran da ya kama ba su cika allurarsu ba.

Saura maganar da ta fi shafar ku kai tsaye, wato shan magani barkatai. Mutum ya ji mura ko ɗan zazzaɓi, ya tsaya kemis ko wajen mai tallan magani a tasha, a ƙulla masa kafson antibayotik biyu ko uku, ya haɗiya, ya ji sauƙi, ya yaba. Mura bairus ce, kuma antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa. Da ya sha da bai sha ba, cikin mako guda za ta tafi. Abin da kafson ya yi shi ne ya karkashe baƙin kirki na hanjinsa, ya bar masu taurin kai. Su kuma waɗannan, da yake wata bakteriyar kan rabu biyu cikin minti 20, ba da jimawa ba za su cika wurin, har ma su miƙa wa wasu nau'o'in dabarar da suka tsira da ita. Ranar da ciwon gaske ya zo, a sha maganin ya ƙi ci. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, tun 1945 ya yi kashedin cewa shan sa ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike ya nuna a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda bakteriyar da magani ya daina ci. Kulorokwin da iyayenku suka dogara da shi, haka ƙwayar maleriya ta saba da shi, har Nijeriya ta sauya magani a 2005. Saboda haka, ba kowane zazzaɓi ne "maleriya da taifot" ba. A yi gwaji tukuna. Wanda likita ya rubuta maka, ka sha yadda ya ce, har iya kwanakin da ya ce. Kada ka rage wa ƙaninka saura, kada kuma ka ɗura wa kaji da awaki irinsa don su yi ƙiba, domin ƙwayar da ta koyi juriya a jikinsu ba ta tsaya nan ba.

Za ku gamu da mai ce muku ciwo da lafiya duk na Allah ne. Gaskiya ya faɗa, kada ku yi masa musu. Ku tuna masa cewa lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji labarin annoba ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya nuna kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya fahimtar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hana shiga garin da annoba ta sauka da hana na ciki fita. Riƙo da sababi ba ya rage tawakkali.

Ilimin nan amana ne a hannunku, kuma yadda kuka kai shi gida ya fi yawan abin da kuka haddace muhimmanci. Kada ɗan sakandare ya shiga gida yana yi wa kakarsa dariya don ta ce iska ce. Ba a gyara babba da gatsali, kuma wanda aka kunyata ba ya karɓar gaskiya ko da ya gane ta. Ku fara da aikin hannu. Ka nemi katin rigakafin ƙannenka ka duba wace allura ta rage, ka ce wa Inna kai za ka raka ta asibiti. Ki ɗinke gidan sauron da ya yage, ki samo wa randa murfi da moɗa guda mai tsabta. In Baba ya haura mako biyu yana tari, ka sami lokacin da yake cikin nishaɗi ka roƙe shi a je a gwada majina. Wanda kuma Allah Ya buɗa wa kai a fannin kimiyya, ya sani garuruwanmu na da ƙishirwar masu aikin ɗakin gwaji, ungozomomi da jami'an lafiya da ke jin harshen mutanensu, waɗanda uwa za ta yarda ta miƙa musu ɗanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ji ƙan waɗanda annoba ta ɗauke, Ya raya ku cikin ƙoshin lafiya da ilimi mai amfani. Amin.